FASHIN BAƘI: Windows 10 ta rasa kariya: Abin da mai kwamfuta a Anka, Gummi da Bukkuyum zai duba kafin ya koma Windows 11

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fitar ranar 29 ga Yuli, 2015. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Tana kunnuwa, tana buga takarda, tana shiga intanet kamar da. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da kamfanin ke aiko wa kyauta kowane wata domin toshe kafofin da masu kutse ke bi.

Ga matashin Anka, Gummi ko Bukkuyum da ya tara kuɗi ya sayi kwamfutar hannu, yake rubuta furojet da ita, ko yake cike wa mutane fom, ko yake ajiye sunayen 'yan ƙungiyarsa, tambayar ita ce: ya koma Windows 11, ya sayi wata kwamfutar, ko ya ci gaba da zama yadda yake? Amsar ta dogara ne a kan shekarun kwamfutar da irin aikin da ake yi da ita. Ba kowa ne ke buƙatar sayen sabuwa ba, amma duk mai shiga intanet yana buƙatar ya yanke shawara.

Mene ne haɗarin zama a kan Windows 10?

A Talata ta biyu ta kowane wata, Microsoft na fitar da gyare-gyaren da ke toshe kafofin da aka gano. Windows 10 da Windows 11 ginin tushe ɗaya ne ta fuskoki da dama. Saboda haka duk sa'ad da aka toshe wata kafa a Windows 11, masu kutse na iya nazarin gyaran su gane inda ramin yake, sannan su nemi irinsa a Windows 10, inda ba za a toshe ba. Haɗarin ba na kwana ɗaya ba ne, taruwa yake yi wata bayan wata.

An taɓa ganin yadda hakan ke ƙarewa. A watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci kimanin 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kulle bayanan da ke ciki, ta nemi kuɗin fansa. Asibitocin gwamnati a Birtaniya sun soke ganin majinyata. Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris, amma waɗanda abin ya shafa ba su ɗora shi ba.

Manhajar Microsoft Defender za ta ci gaba da samun bayanan sababbin ƙwayoyin cuta a Windows 10 har zuwa Oktoban 2028. Sai dai ita tamkar mai gadi ce, ba ta gyara katangar da ta tsage. Sauran manhajoji kuma da sannu za su ja baya. Google Chrome ta daina tallafa wa Windows 7 a farkon 2023, shekara uku bayan Microsoft ya yi watsi da ita a ranar 14 ga Janairu, 2020.

Shin kwamfutarka za ta ɗauki Windows 11?

Komawa Windows 11 kyauta ne ga mai Windows 10 ta halak, idan kwamfutar ta cika sharuɗɗa. Manyan sharuɗɗan su ne: RAM aƙalla gigabait 4, ma'adana aƙalla gigabait 64, tsarin kunnawa mai kariya na Secure Boot, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ke ajiye mabuɗan sirri. Sai kuma furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wanda a nan ne yawancin tsofaffin kwamfutoci ke faɗuwa. In ban da 'yan ƙalilan, sai furosesan Intel na zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, ko na AMD Ryzen 2000 zuwa sama.

Gane zubin ba wuya. A shiga Settings, a zaɓi System, sannan About. Lambar farko bayan karan ɗori ita ke nuna zubi: i5-6300U zubi na 6 ne, bai cancanta ba, i5-8250U zubi na 8 ne, ya cancanta. Idan lambar ta fara da 10, 11 ko 12, wannan sabon zubi ne. Kada sunan i7 ya ruɗe ka, domin i7 na zubi na 6 bai cancanta ba, alhali i3 na zubi na 8 ya cancanta. Kwamfutoci irin HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, waɗanda ake yawan sayarwa na hannu, zubi na 6 ne.

Wanda ba ya son lissafin lamba sai ya sauke manhajar PC Health Check ta Microsoft, kyauta ce, za ta faɗa masa abin da ya hana. Wani lokaci TPM na nan, a kashe kawai yake a saitin BIOS, kuma mai gyara zai kunna shi cikin 'yan mintoci.

Idan ta cancanta: a koma, amma da shiri

Ga kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, babu hujjar jinkiri. Abin lura shi ne yanayin yammacin Zamfara, inda sabis da lantarki ba abin dogaro ba ne. A ranar 5 ga Oktoba, 2021 da aka fitar da Windows 11, mutanen waɗannan ƙananan hukumomi ba su da layin waya ma, balle intanet. Tun farkon Satumba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. An dawo da shi a Gusau a farkon Oktoba, sauran sassan jihar suka yi ƙarin makonni a rufe. Saboda haka kada a ɗauka intanet na nan kullum.

Na farko, a kwafe duk wani abu mai muhimmanci zuwa filash ko wata ma'adanar waje. Na biyu, a tanadi data. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, ban da sabuntawar da za ta biyo baya, ga shi tun Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce mutum ɗaya ya sauke fayil ɗin daga shafin Microsoft a inda sabis ke da ƙarfi, kamar Gusau ko Sakkwato, ya ɗora a filash mai gigabait 8 ko fiye, sai jama'a da dama su amfana da shi. Na uku, kada a fara aikin sai da cikakken caji da tabbacin janareta ko sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki na iya hana kwamfutar tashi.

Akwai kuma batun mabuɗin BitLocker. Sabbin zubin Windows 11 kan kulle ma'adana da kansu idan an ɗora su fes aka shiga da asusun Microsoft, mabuɗin buɗewa mai lamba 48 kuma yana cikin wannan asusun. Idan mai gyara ya yi amfani da nasa asusun, to mabuɗin kayanka na hannunsa. Ka buɗe naka, ka rubuta lambar a takarda ka adana, domin ranar da kwamfutar za ta nema mai yiwuwa babu sabis.

Wanda ya koma bai ji daɗi ba yana da kwana 10 ya dawo Windows 10 ta cikin Settings. A cikin waɗannan kwanaki ya kamata a gwada firinta, sikana da na'urar ɗaukar zanen yatsa, musamman ga masu shagon kwamfuta.

Idan ba ta cancanta ba: hanyoyi huɗu

Hanya ta farko ita ce sayen lokaci. Microsoft ya buɗe shirin ƙarin kariya mai suna ESU ga kwamfutocin gida, wanda ya sanar zai kai ranar 13 ga Oktoba, 2026. Ana shiga ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku: biyan dala 30 sau ɗaya, ko amfani da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma kyauta ta hanyar daidaita saitin kwamfutar da asusun Microsoft. Dole ne kwamfutar ta kasance a kan zubin 22H2, wanda ake ganewa idan an rubuta winver a akwatin bincike. Ana samun ƙofar shiga a sashen Windows Update, kuma asusu ɗaya na iya rufe kwamfutoci har 10. Wannan jinkiri ne kawai, ba mafita ba.

Hanya ta biyu ita ce barin Windows baki ɗaya. Linux Mint da Ubuntu manyan manhajoji ne na kyauta da ke tafiya lafiya a kan tsofaffin kwamfutoci. Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 duk suna da tallafin tsaro har zuwa 2029. Chrome da Firefox na aiki a kansu, LibreOffice kuma na buɗe fayilolin Word da Excel. Ana iya gwada su daga filash ba tare da an goge komai ba. Sai dai CorelDRAW da Photoshop ba su da zubin Linux, don haka mai sana'ar zanen fasta da katin biki sai ya yi tunani. Akwai kuma ChromeOS Flex ta Google, amma ita ta fi dogara da intanet, abin da ke rage amfaninta a karkara.

Hanya ta uku ita ce raba kwamfutar da intanet. Wadda aikinta buga takardu ne kaɗai na iya ci gaba a haka, muddin ana takatsantsan da filash ɗin mutane, domin ta nan ma cuta ke shiga.

Hanya ta huɗu ita ce canji. Wanda zai je Beirut Road a Kano ko ya yi aike daga Computer Village ta Ikeja kada ya tsaya ga ganin Windows 11 a fuskar kwamfutar. Akwai dabarun tsallake sharuɗɗa da ake ɗora ta a kan kwamfutar da ba ta cancanta ba, Microsoft kuma ya bayyana cewa irin waɗannan ba su da tabbacin samun sabuntawa. A duba lambar furosesa kafin a biya. Haka nan a guji Windows da Office na sata da ake kunnawa da manhajar fasa kulle, domin sau da yawa ita kanta ce ke shigo da ɓarawon.

Me ya sa abin ya shafi kowa?

Kwamfutar gida a Gummi ko Nasarawar Burkullu ba kasafai take ta mutum ɗaya ba. A cikinta ake samun lambobin NIN da BVN na maƙwabta, takardun JAMB na ƙanne, jerin sunayen masu neman tallafi, wani lokaci har hotuna da rahotannin hare-hare daga ƙauyuka. A yankin da sunan mutum da lambar wayarsa ke iya jefa shi cikin haɗari, tsaron irin waɗannan bayanai ba ƙaramin al'amari ba ne. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, asusun Facebook ko WhatsApp na ɗan gwagwarmaya da aka sace na iya zama makamin yaɗa ƙarya da sunansa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin kare su.

Tambayar ta hau kan hukumomi ma. Ga ma'aikatu da kamfanoni, kuɗin ESU dala 61 ne kan kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkuwa kowace shekara har shekara uku. Hakkin 'yan ƙasa ne su tambayi shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli: kwamfutoci nawa ne a sakatariya, makarantu da asibitoci ke kan Windows 10, kuma me aka ware musu a kasafin kuɗi? Idan za a bayar da kwangilar saye ko a raba wa matasa kwamfutoci, a duba ko sun cancanci Windows 11, kada a sayo kayan da wasu ƙasashe suka yar.

Tsohuwar kwamfuta ba ta juji ba ce

Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasi a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda ƙarewar Windows 10. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san illar dalma fiye da kowa. A 2010, gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta, Abare da Yargalma. Tsofaffin allunan lantarki da gilashin manyan monitoci na da dalma a jikinsu. Kada a ƙona su don neman tagulla, kada a fasa su a tsakar gida, kada a bar wa yara su yi wasa da su. A cire ma'adanar ko a goge ta sarai, sannan a sayar wa masu gyara.

A taƙaice

Duba lambar furosesa tukuna. Idan zubi na 8 ne zuwa sama, kwafe kayanka ka koma Windows 11. Idan ƙasa da haka ne, shiga ESU yau, ka yi amfani da lokacin wajen gwada Linux ko tara kuɗin canji. Abu ɗaya ne bai dace ba: ci gaba da shiga banki, imel da shafukan sada zumunta da kwamfutar da babu mai toshe mata kafa.