Tukwanen Kabari na Ƙasar Zuru da Zumuncin Mutum da Dabba

Ƙasar Zuru, wadda ke cikin Jihar Kebbi tun 1991, sarautu biyar suka haɗu suka yi ta, watau Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. A cikin ƙabilun da ke zaune a duwatsunta akwai Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna. An san su da noma da kokawa da jarumta, amma akwai wata sana'a tasu da ta cancanci a tuna da ita, ita ce ginin tukwanen kabari.

A al'adarsu ta dā, idan mutum ya mutu akan kife tukwane a bisa kabarinsa. Talaka tukunya zalla yakan samu. Amma in mamacin sarki ne, ko shahararren maharbi, ko gwanin kokawa, sai a gina masa tukunya mai siffa a kanta. Mata ne ke ginin, 'ya ta gada wurin uwa. Mafi daraja a cikin siffofin nan ita ce wadda ake kira giwa. Wanda duk ya dube ta da kyau zai ga ba giwa ce sosai ba: ga ƙafafu huɗu irin na dabba, ga kai a ɗage da baki buɗe kamar na mai kuka. Maginan ba kasawa suka yi ba, da gangan suka gama halitta biyu wuri guda, don a nuna girman mamacin ya kai na manyan dawa. Wani Bature, Fitzgerald, ya rubuta bayanin tukwanen nan a 1944.

Wannan tunani ba na Dakarkari kaɗai ba ne. Maguzawan ƙasar Kano suna da abin da suke kira kan gida, watau dabbar da zuriya ba ta kashewa, ba ta kuma ci. A garin Zuru kuwa akwai Girmace, inda aka daɗe ana girmama kadoji.

To, abin mamaki, masu fasahar zamani na ƙasashen waje sun komo kan wannan hanya. Patricia Piccinini, mutuniyar Ostareliya wadda aka haifa a Saliyo a 1965, ta ƙera wata uwa da wani irin roba, gaɓoɓinta na mutum, kunnuwanta kamar na alade, tana kwance tana shayar da 'ya'yanta. An nuna ta a babban baje kolin birnin Benis na Italiya a 2003. Nufinta mai kallo ya tambayi kansa haƙƙin da irin wannan halitta ke da shi a kansa.

Ga shi kuwa namu suna ƙarewa. Da Musulunci da Kiristanci suka yaɗu, jana'iza ta sake, maginan suka ragu, tukwane da yawa kuma suka bi hannun dillalai zuwa Turai da Amurka. Adana su ba komawa ga bautar dā ba ne, kiyaye tarihi ne. Ya kamata hukuma da sarakuna su tattara sauran, su kuma rubuta abin da tsofaffi suka sani tun suna raye, gama kowa ya bar gida, gida ya bar shi.