Zango da Akwatin Ƙuri'a: Yadda Dokokin Zaɓen Gari Suka Yi ta Sauyawa a Ghana

Duk lokacin da aka ta da zancen gyara dokar zaɓen ƙananan hukumomi, da yawa daga cikinmu mutanen zango sai mu kau da kai, mu ce wannan magana ce ta lauyoyi da 'yan majalisa. Amma idan muka waiwayi tarihi, za mu tarar cewa duk wani sauyi da aka yi wa waɗannan dokoki sai da ya biyo ta ƙofar gidajenmu.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara kafa dokar majalisun gari a 1894, majalisar birnin Accra kuwa ta fara zama a 1898. A wancan zamani ƙuri'a ba ta kowa ba ce, ta masu gida ce da ke biyan harajin gari. Ɗan kasuwar goro ko mahaucin da ke zaman haya ba shi da ta cewa, ko da kuwa a kasuwarsa ake karɓar kuɗin shiga.

Da aka buɗe ƙofar zaɓe ga jama'a gab da samun 'yanci, iyayenmu ba su yi barci ba. Ƙungiyar Musulmi ta tsayar da 'yan takara a zaɓen majalisar Accra a 1953 da na Kumasi a 1954, ta kuma samu kujeru. Daga nan ta zama jam'iyyar MAP, wadda ƙarfinta ke cikin zango-zango. Sai dai abin bai ɗore ba. A 1957 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, jigogin jam'iyyar a Kumasi, zuwa Najeriya. A ƙarshen shekarar kuma aka yi dokar da ta haramta jam'iyyun addini da na ƙabila da na yanki. Da alƙalami ɗaya aka rufe hanyar da zango ya fara bi.

Tsarin da muke ciki yau ya samo asali ne a 1988, lokacin da gwamnatin Jerry Rawlings ta kafa majalisun gundumomi 110. Kundin tsarin mulki na 1992 ya tabbatar da shi bisa ginshiƙai uku. Na farko, jam'iyyu ba sa tsayar da ɗan takara a zaɓen gunduma, kowa da sunansa yake tsayawa. Na biyu, jama'a na zaɓen kashi 70 cikin ɗari na wakilai, shugaban ƙasa ya naɗa sauran. Na uku, shugaban gunduma ko magajin gari ba zaɓensa ake yi ba: shugaban ƙasa ke miƙa sunansa, kashi biyu cikin uku na wakilan da suka kaɗa ƙuri'a su amince.

Wannan tsari ya yi mana rana ta wani gefe. Matashin Nima ko Aboabo na iya zama wakilin unguwa ba tare da ubangida a jam'iyya ba. Rarraba gundumomi ma ya kawo hukuma kusa, domin an kafa Asokore Mampong a 2012, an kuma kafa Ayawaso ta Gabas, inda Nima take, a 2018. Amma mutumin da ke riƙe da kasafin kwata da shara da rumfunan kasuwa, har yau idonsa na kan wanda ya naɗa shi.

A 2019 an kusa taɓa wannan ƙulli. An sa ranar 17 ga Disamba domin ƙuri'ar raba gardama kan ko a bar jam'iyyu su shiga zaɓen gunduma, tare da ƙudurin da zai ba jama'a damar zaɓen shugabanninsu. Sharaɗin mai tsauri ne: sai kashi 40 na masu rajista sun fito, kashi 75 daga cikinsu sun amince. Jam'iyyar NDC ta ce a'a, aka samu saɓani a majalisar sarakuna ta ƙasa, sai Shugaba Akufo-Addo ya soke ƙuri'ar a ranar 1 ga Disamba. Aka janye ƙudurorin biyu tare, alhali tambayoyi biyu ne daban: zaɓen magajin gari abu ɗaya ne, shigar jam'iyyu kuma wani abu ne.

Nan ne ya kamata mu natsu. Zaɓen magajin gari zai ba ƙuri'ar zango farashi, domin a birane irin su Accra da Kumasi babu mai neman kujera da zai raina yawanmu. Shigar jam'iyyu kuwa na iya tsadar da takara har ta fi ƙarfin ɗan unguwa. Muna iya son ɗaya mu ƙi ɗaya, amma sai mun san bambancinsu.

Shugaba John Mahama ya kafa kwamitin duba kundin tsarin mulki a 2025, don haka maganar ba ta mutu ba. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin mata da matasa na da haƙƙin zama su fitar da matsaya a rubuce, su kai ta gaban 'yan majalisarsu. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, sai in shi ya ƙi zuwa. Allah Ya ba mu ikon halarta.