Awa 72 a Fadamar Haɗejiya: Nazari kan Tallafin da Mata ke Samu Bayan Fyaɗe da Dukan Aure

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyin da macen da aka yi wa fyaɗe, ko wadda miji ke duka, take bi wajen neman agaji a masarautar Haɗejiya. An dogara ne da dokokin Jihar Jigawa, da binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018, da yanayin ƙasar fadama. Abin da nazarin ya nuna shi ne, doka ta riga hidima isa yankin, kuma kwanakin farko, waɗanda magani ya fi amfani a cikinsu, sulhu da wahalar hanya ne suke cinye su.

Gabatarwa

Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, a 2015. A Yunin 2020 ƙungiyar gwamnonin Nijeriya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, sannan a Fabrairun 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a kan dokar VAPP ta Jigawa. Tun kafin nan an buɗe cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Babban Asibitin Dutse, irin cibiyar Mirabel da aka fara a Legas a 2013. A takarda, ke nan, Jigawa ba ta baya.

Nisa da ruwa

Masarautar Haɗejiya tana da ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Daga garin Haɗejiya zuwa Dutse tafiyar sama da kilomita 100 ce, balle a ce daga ƙauyukan Guri da ke cikin dausayin Haɗejiya-Nguru. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa yanayin gudun kogin ya sauya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya kuma ta yi ta maimaituwa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. Idan damina ta yi nisa, wasu garuruwan sai da kwale-kwale ake fita daga cikinsu, iyalai kuma sukan koma kwana a makarantun firamare, maza da mata wuri guda, ba ƙofar kullewa.

Ga masu aikin lafiya wannan babbar magana ce. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shansa cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki kuma ba ya wuce kwana biyar. Shaidar da likita zai rubuta wa kotu ita ma tana dusashewa da zarar an yi wanka an wanke tufafi, wanda kuwa shi ne abu na farko da kowace uwa za ta yi wa 'yarta.

Ƙofar farko

Binciken 2018 ya gano cewa kashi 31 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 an taɓa dukansu, kashi 9 an taɓa tilasta musu jima'i, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. Waɗanda suka nema, galibinsu wurin danginsu suka je.

Tsarin da aka sani a ƙasar Hausa ya yi daidai da haka. Matar da duka ya isa takan yi yaji, miji ya aiko biko, iyaye su ce ta yi haƙuri. In abin ya faskara a kai gaban mai unguwa ko bulama, daga nan dagaci, daga nan hakimi ko alƙali. Bai kamata a raina wannan tsari ba: yana kusa, ba ya cin kuɗi, ana magana da harshen da matar take ji. Fiƙihun Malikiyya ma ya ba alƙali ikon raba aure saboda cutarwa ba tare da matar ta mayar da sadaki ba, hukuncin da ya kamata malamai su riƙa bayyanawa a makarantun Islamiyya na matan aure, domin da yawa hul'i kaɗai suka sani.

Inda tsarin yake ɓaci shi ne idan aka ɗauki fyaɗe aka sa shi a ma'aunin rikicin aure. Sai a ce a rufa asiri kada yarinya ta rasa mijin aure, a tara dattawa, wanda ya yi laifin ya biya kuɗin magani, a tashi da addu'a. Kafin a gama zaman kwana uku sun wuce. A ra'ayin wannan nazari, sulhu irin wannan iyalai biyu yake rufa wa asiri, ita kuwa yarinyar ba a ma tambaye ta ba.

Abin da ya dace da fadama

Gyaran da ya fi sauƙi shi ne a sauya jerin matakan, asibiti ya zo kafin kowane zama. Ungozoma da ma'aikaciyar ƙaramin asibitin mazaɓa su ne suke shiga gidajen da ɗan sanda ba ya shiga, don haka su ya kamata a fara horarwa, a kuma ajiye magungunan gaggawa a hannunsu kafin ruwa ya rufe hanya. Ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN suna da rassa da amincin da za su iya raka mace asibiti da kotu. Majalisar Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, tana da ikon umartar hakimai da dagatai kada su saurari ƙarar fyaɗe sai an kai yarinya asibiti, kuma su miƙa maganar ga hukuma maimakon kashe ta a zaure.