Duwu, Kunama da Kyamarar Waya

A ƙauyukan Dambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, kunama tsohuwar maƙwabciya ce. Tana fakewa a ƙarƙashin damin gero, cikin tsagar katangar laka, wani lokacin har cikin takalmi. Tun kafin a san waya, manoma sun raba ta biyu: duwu, ƙaton baƙi mai manyan hannuwa, da 'yar ƙaramar nan mai kaurin wutsiya. Duwu ya fi ban tsoro a ido, amma ƙaramar dattawa suka fi gudu. Kimiyya ta zo ta gaskata su: kusan duk kunamun da ke kisa 'yan dangin Buthidae ne, masu siraran hannuwa da wutsiya mai kauri, irin waɗanda ke hallaka yara a Agadas.

Turawa kuwa ta hanyar suna suka bi. A 1758 Carl Linnaeus ya tsara ba wa kowace dabba suna mai kalma biyu, kuma kan wannan tsarin manhajojin yau suka tsaya. An fara iNaturalist a 2008, aikin digiri na biyu na ɗalibai uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A 2017 aka koya mata gane halitta daga hoto, shekarar da Google Lens ya fito.

Rubuta manhaja sana'ata ce, na san inda gizo ke saƙa. Kwamfuta ba ta san dafi ba, hoto kawai take kwatantawa da hotunan da aka ciyar da ita, kuma mafi yawansu daga Amurka da Turai suka fito. Nau'in da ba a tara masa isassun hotuna ba, babu shi a ƙwaƙwalwarta, sai ta miƙo maka sunan wanda ya fi kama da shi. Mutum nawa suka ɗora hoton kunamar Kunci? Ga kuma duhu, don da daddare ta fi harbi.

Ko ta dace da sunan, ba ta san nauyin wanda aka harba ba. Harbin da babba zai kwana yana ciza yatsa, yaro zai iya kai shi lahira. In yaro ya fara zufa, amai, dalalar miyau ko haki, a nemi babur zuwa asibiti, a bar latsa waya. Hoton kunamar, in an samu ɗauka daga nesa, a nuna wa likita idan an isa.