Rayuwa ba nama, ba nono, ba ƙwai: manhajoji da shafukan intanet masu amfani, da inda suke gazawa

Mutumin da ya daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba, wato nama, kifi, ƙwai, nono da zuma, yakan ci karo da tambayoyi uku tun makon farko: mene ne a cikin kwalin da zai saya, ina zai ci abinci idan yana kan tafiya, kuma mene ne jikinsa zai rasa. Akwai manhajojin waya da shafukan intanet da aka yi domin amsa waɗannan tambayoyi. Sai dai kusan dukkansu a Turai da Amurka ta Arewa aka ƙirƙire su, domin mutanen da ke cefane a manyan kantuna. Suna da amfani ga ɗalibin da ya tafi karatu Faransa da ɗan kasuwa mai yawan tafiya, suna kuma da amfani ga mazaunin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, matuƙar ya san iyakar kowace.

Ma'anar kalmar da asalinta

A Ingila aka ƙirƙiri kalmar “vegan”, a watan Nuwamban 1944, lokacin da Donald Watson da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar The Vegan Society. A Faransanci ana bambanta kalmomi uku, kuma sanin su na da muhimmanci ga mai karanta rubutun jikin kaya. “Végétarien” shi ne wanda ba ya cin nama da kifi, amma yana shan nono, yana cin ƙwai. “Végétalien” ba ya cin komai na dabba. “Végan” kuwa ya haɗa har da sutura da kayan shafa: ba ya sa takalmin fata, ba ya amfani da sabulun da aka yi da kitsen dabba. Dalilan mutane sun bambanta. Wasu tausayin dabbobi ne, wasu kare muhalli, wasu kuma neman lafiya.

Manhajojin duba kayan kanti

Open Food Facts ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. Wani Bafaranshe mai suna Stéphane Gigandet ne ya kafa ta a 2012, kuma ƙungiya ce da ba ta neman riba. Kyauta ce, tana aiki da Faransanci. Mutum zai haska kyamarar wayarsa a kan lambar layi-layi da ke jikin kwali ko gwangwani, sai manhajar ta fito da jerin abubuwan da aka haɗa kayan da su, ta kuma nuna ko na tsiro ne zalla, ko akwai na dabba a ciki, ko kuwa ba a tantance ba. Rumbunta na ɗauke da miliyoyin kaya, kuma masu amfani da ita ne ke cika shi. Saboda haka biskit ko alewar da aka shigo da ita daga Faransa takan fito nan take, amma wadda aka yi a wata masana'antar yankinmu mai yiwuwa ne babu wanda ya taɓa shigar da ita. Idan haka ta faru, kowa na iya ɗaukar hoton kwalin ya ƙara shi domin na baya su amfana. Akwai ƴar'uwarta, Open Beauty Facts, mai kula da sabulu da man shafawa.

Yuka, wadda ta fito a Faransa a 2017, ta fi suna, amma aikinta daban ne. Tana ba kaya maki daga 0 zuwa 100: kashi 60 cikin ɗari na makin ya dogara ne da ingancin abincin, wato yawan sukari, gishiri da kitse, kashi 30 da sinadaran da aka ƙara masa, kashi 10 kuma da ko an noma shi ba tare da takin zamani da maganin ƙwari ba. Gwangwanin kifi na iya samun maki mai yawa a Yuka. Makin bai ce komai ba game da dabba ko tsiro.

Idan babu intanet, ido ya isa, in an san kalmomin. “Gélatine” daga fata da ƙashin dabba ake samun ta, ta alade ko ta saniya, kuma tana yawan shiga alewa mai danƙo. “Lactosérum” da “caséine” daga nono suke. E120 jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro, E904 ma daga ƙwaro yake, E901 kuwa kakin zuma ne. E471 na iya zama na tsiro ko na dabba, kuma rubutun kwali ba ya yawan fayyacewa.

Tambura biyu ne aka fi gani a jikin kaya. Na farko furen da The Vegan Society ke bayarwa tun 1990. Na biyu V-Label, harafin V mai ganye a cikin da'ira. Wannan na biyun iri biyu ne, don haka sai an karanta kalmar da ke ƙarƙashinsa, domin ɗayan yana halatta nono da ƙwai. Wani abin lura ga Musulmi: tambarin “vegan” na nufin babu alade, amma ba ya nufin babu giya. Ba shaidar halal ba ne.

Neman wurin cin abinci

HappyCow shi ne mafi shahara a wannan fanni. Eric Brent ne ya buɗe shi a 1999. Taswira ce ta gidajen abinci da kantuna a faɗin duniya, kowane da hotuna da ra'ayoyin waɗanda suka ci a wurin. Yana raba su gida-gida: masu abincin tsiro zalla, masu haɗawa da nono da ƙwai, da masu sayar da nama amma suna da wani abin na daban. Shafinsa na intanet kyauta ne. A birane irin su Paris, Landan ko Balin jerin na da tsawo ƙwarai. A garuruwan Sahel kuwa bai taka kara ya karya ba, domin sai wani ya shigar da wuri kafin ya bayyana, kuma mai tuyar ƙosai a bakin tasha ba ta da shafi. Wanda zai je Faransa na iya ƙarawa da VegOresto, jerin gidajen abincin ƙasar da ke da zaɓi na tsiro zalla.

Koyon girki da tsara abinci

Ga mai jin Faransanci, shafin Vegan Pratique ya fi sauƙin shiga. Ƙungiyar L214, wadda aka kafa a Faransa a 2008, ita ce ke tafiyar da shi, kamar yadda take tafiyar da VegOresto. Yana da girke-girke, da bayanan gina jiki, da shirin kwana 21 mai suna Veggie Challenge, inda ake aiko wa mutum saƙo kowace rana. Veganuary kuwa shiri ne da aka fara a Birtaniya a 2014, wanda ke gayyatar mutane su gwada wannan tsari tsawon watan Janairu. Duka biyun na masu fafutukar kare dabbobi ne, don haka manufarsu ita ce jawo mutum, kuma ya kamata a karanta su da sanin haka.

Yawancin girke-girken nasu na buƙatar kayan da ba a samu a kasuwanninmu, ko masu tsada. Amma wanda ya duba da kyau zai gane cewa abin da suke kira “tofu” awara ce, wadda ake yi da waken suya, ana soyawa a unguwanni. Shinkafa da wake, ɗan wake, ƙosai, dambu da zogala, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, tuwon hatsi da miyar kuka mai daddawa, duk ana iya yin su ba tare da komai na dabba ba.

Lissafin abin da jiki ke samu

Cronometer manhaja ce ta wani kamfanin Kanada. Mutum na rubuta abin da ya ci da yawansa, ita kuma ta lissafa masa furotin, sinadarin ƙarfe, kalsiyom da bitamin iri-iri, ta nuna inda ya gaza. Matsalarta ita ce rumbunta ya ginu ne bisa abincin Amurka ta Arewa, amma tana ba da damar mutum ya shigar da nasa girkin da hannu.

A nan ne wani kundi na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke cike giɓi. Ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na 2019, cikin Faransanci da Ingilishi, mai ɗauke da abinci sama da 1,000, har da hatsi, dawa, wake, gujiya, ganyen kuka da zogala. Ana sauke shi kyauta daga shafin hukumar. An yi shi ne domin ma'aikatan lafiya da masu bincike, amma duk mai iya karanta jadawali zai amfana.

Mai son abu mai sauƙi na iya gwada Daily Dozen, manhajar kyauta ta shafin NutritionFacts.org, wanda likitan Amurka Michael Greger ya kafa a 2011. Jeri ne na abubuwa 12 da mutum zai riƙa yi wa alama kullum, ciki har da dangin wake sau uku, dangin hatsi da ba a cire wa dusa ba sau uku, ganye sau biyu, da motsa jiki.

Bitamin B12: abin da waya ba ta bayarwa

Wannan shi ne batun da ya fi kowane nauyi. Babu wani tsiro da za a dogara da shi wajen samun bitamin B12. Zogala ba ta wadatar da shi, kuma spirulina da ake tallatawa ba abin dogaro ba ce a wannan fanni. Hanta na ajiye wannan bitamin na tsawon shekaru, shi ya sa mutum kan daɗe yana jin lafiyarsa ƙalau kafin alamu su bayyana: kasala, ƙarancin jini, jin tsira-tsira ko mutuwar jiki a hannu da ƙafa, da mantuwa. Idan aka makara, lahanin da ya shafi jijiyoyi na iya zama na dindindin. Jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da isasshen B12 ya fi kowa shiga haɗari.

Shafin The Vegan Society ya ba da zaɓi uku ga babban mutum: aƙalla mikrogram 3 a rana daga abincin da aka ƙara wa bitamin ɗin, a ci aƙalla sau biyu, ko ƙwayar mikrogram 10 kullum, ko ta mikrogram 2,000 sau ɗaya a mako. Tunda irin wancan abinci bai yawaita a kantunanmu ba, ƙwayar farmasi ce hanya mafi tabbas.

Sinadarin ƙarfe ma na son kula, musamman ga mata, domin na tsiro bai kai na nama saurin shiga jini ba. Matsa lemun tsami ko cin ɗanyen tumatir tare da wake na taimakawa, shan shayi dab da gama cin abinci kuwa na rage abin da jiki ke ɗauka. Gishiri mai iyod shi ma wajibi ne.

Masana ba su zama baki ɗaya ba game da yara da masu ciki. A 2016 ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta ce tsarin ya dace da kowane mataki na rayuwa idan an tsara shi da kyau. A 2019 kuwa majalisar likitocin Beljiyam ta ba da shawarar kada a ɗora yara, masu ciki da masu shayarwa a kansa. Inda ƙarancin jini da tamowa suka riga suka zama matsala, kamar a Nijar, bai kamata iyaye su yanke wa yaro nono da ƙwai bisa abin da suka karanta a waya ba, sai da shawarar likita.

Abin da ba shi da kwali

Mafi yawan abin da ake ci a garuruwanmu ba shi da lambar da za a haska. Man shanu a kan tuwo, nono a cikin fura, busasshen kifi ko romon ƙashi a miya, ɗunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza, ƙwai a jikin awara, madarar gari a kunu: babu manhajar da za ta gano su. Hanya ɗaya ita ce tambayar mai abincin kai tsaye, cikin ladabi: “Hajiya, don Allah da man shanu ko kifi a miyar?”

A taƙaice, ga mazaunin gida, Open Food Facts ta isa ga kayan kanti, jadawalin FAO kuma ga abincin gargajiya. HappyCow na matafiyi ne. Kafin a fara, sai a ga likita, a kuma biya ta farmasi a nemi B12.