Kakakin Gidan Asiri: Bill Harlow da Labarin Yuraniyom na Nijar

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya. Idan haka ne, da wuya a sami aiki mai hatsari kamar na kakakin hukumar leƙen asiri, domin an ɗauke shi ya yi magana da yawun ma'aikatar da shiru ne jarinta. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wato Bill Harlow na ƙasar Amurka. Dalilin zaɓensa shi ne babbar jarrabawar da ya fuskanta ta taso ne daga maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar, a kan wani labari da masu sauraron rediyo, tun daga Arikya da Lafiya har zuwa Maraɗi, suka sha ji a shekarar 2003.

Daga Rundunar Ruwa Zuwa Gidan Asiri

Harlow ya shafe shekara 25 a rundunar sojan ruwa ta Amurka, ya kai muƙamin kyaftin. Mafi yawan aikinsa na hulɗa da 'yan jarida ne, har ya yi aiki a ofishin watsa labarai na fadar shugaban ƙasa a zamanin Reagan da Bush babba. A 1997, shekarar da George Tenet ya zama shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, Harlow ya zama babban kakakinta, ya kuma riƙe muƙamin har zuwa 2004. A cikin waɗannan shekaru aka kai hare-haren 11 ga Satumba, 2001, aka kuma shiga yaƙin Afganistan da na Iraƙi.

Yuraniyom na Arlit

Bayan hare-haren 2001 aka fara raɗe-raɗin cewa Saddam Husaini ya ƙulla cinikin tan 500 na ma'adinin yuraniyom da gwamnatin Nijar. A watan Fabrairu na 2002 hukumar CIA ta tura tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, inda ya taɓa yin aiki yana matashi. Wilson ya gana da tsofaffin jami'an gwamnati, ya dawo da rahoton cewa cinikin zai yi wuyar aukuwa, saboda mahaƙar Arlit da Akokan suna ƙarƙashin kulawar kamfanin Cogema na Faransa. Duk da haka, a ranar 28 ga Janairu, 2003, Shugaba Bush ƙarami ya shaida wa majalisar ƙasarsa cewa Ingila ta gano Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka. A ranar 7 ga Maris, Muhammad el-Baradai na hukumar makamashin nukiliya ta duniya ya bayyana cewa takardun cinikin na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan Oktoba 2000, tana ɗauke da sa hannun Allele Habibu a matsayin ministan harkokin waje, alhali ya bar kujerar tun 1989. Kafin watan ya ƙare an auka wa Iraƙi.

A ranar 6 ga Yuli, Wilson ya fasa ƙwai a jaridar New York Times, Tenet kuma ya ɗauki alhakin kuskuren bayan kwana biyar. A tsakanin nan wani ɗan jarida mai suna Robert Novak ya sami labarin cewa matar Wilson, Valerie Plame, ma'aikaciyar CIA ce, sai ya tuntuɓi Harlow. Nan kakaki ya shiga tsaka mai wuya. Ya roƙi Novak kada ya buga sunanta, amma bai iya gaya masa cewa jami'ar ɓoye ce ba, domin faɗin hakan shi kansa tona asiri ne. Novak ya buga sunan ranar 14 ga Yuli, daga baya ya ce ba a nuna masa akwai hatsari ba. Aikin matar ya ruguje, aka buɗe bincike, kuma a 2007 kotu ta sami Lewis Libby, babban hadimin mataimakin shugaban ƙasa, da laifin yin ƙarya ga masu bincike.

Alƙalami Bayan Ritaya

Tun a 1999 Harlow ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Circle William, amma bayan ya ajiye aiki ne alƙalaminsa ya yi tasiri. Shi ya taya Tenet rubuta tarihin aikinsa a 2007, ya taya Jose Rodriguez a 2012, da Michael Morell a 2015. Rodriguez ɗin nan shi ne jami'in da ya ba da umurni a 2005 aka lalata faya-fayan bidiyo 92 na tambayoyin da aka yi wa fursunoni. Da kwamitin majalisar dattawa ya fitar da rahotonsa a watan Disamba na 2014, wanda ya ce an gallaza wa fursunonin ba tare da an sami wata fa'ida ta a zo a gani ba, Harlow ne ya tattara martanin tsofaffin shugabannin hukumar a littafin Rebuttal na 2015.

Abin lura a nan shi ne, duk wanda ya yi aiki a CIA tilas ya miƙa rubutunsa ga hukumar ta tace kafin a buga. Ke nan mutumin da ya tsare ƙofar asiri jiya, shi ne yake zaɓen abin da zai fito ta cikinta yau, da izinin masu gidan.

Kammalawa

Wannan tarihi ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, an yi amfani da sunan Nijar wajen halatta yaƙin da ya ci ɗimbin rayuka, kuma mafi yawan littattafan da suka ba da labarin Amurkawa ne suka rubuta su, suna kare kansu ko suna zargin juna. Ta biyu, mu ma muna da namu gidajen asirin. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumar NSO ta kafa SSS da NIA da DIA, kuma dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta daɗe tana rufe bakin ma'aikata kafin a sami dokar 'yancin samun bayanai a 2011. Manyan jami'anmu su ma suna rubuta tarihin aikinsu idan sun yi ritaya.

Bai kamata ɗalibin tarihi ya yi watsi da irin waɗannan littattafai ba, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma akwai abin da sai wanda ke cikin ɗaki ya san shi. Sai dai ya karɓe su yadda alƙali ke karɓar shaidar wanda ke da hannu a shari'a. Ya tambayi wane ne ya tace littafin, ya auna shi da rahoton majalisa da bayanan kotu, sannan ya nemi bakin waɗanda aka yi maganarsu ba a tambaye su ba, kamar ma'aikatan mahaƙar Arlit da jami'an Yamai. Jin ta bakin waɗannan aiki ne da ya fi dacewa da manazarta masu jin Hausa.