Mafara, Bakura da Maradun: Ƙuri'a Tana Bin Ɗan Gari

A zaɓen 1959, sa'ad da garuruwan nan uku suke cikin Lardin Sakkwato, maza kaɗai suka jefa ƙuri'a, kuma hakimai da ma'aikatan En'e suka riƙe lardin ga jam'iyyar Sardauna, watau NPC. A 1980, zamanin mulkin NPN, manoman da madatsar Bakolori ta cinye wa gonaki suka tashi neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta.

Bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, kowane ɗaya daga cikinsu ya fid da gwamna. Ahmad Sani, Yariman Bakura, ya hau a 1999 ƙarƙashin APP. Abdul'aziz Yari na Mafara ya hau a 2011 ƙarƙashin ANPP. Bello Matawalle na Maradun ya samu kujerar a 2019 ƙarƙashin PDP, bayan Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC, sa'an nan ya koma APC a 2021.

Jam'iyyu sun sake suna, manya sun sake jam'iyya, magoya baya kuwa suna biye da su. Abin da talaka yake dubawa a nan shi ne wane ne ɗan gida, kuma wa zai iya isa ƙofarsa ran buƙata.